Marmaron ƙarafa masu motsi na Basel: yadda yake aiki da yadda ya kamata a kalle shi

Tambaya: "Ni malamin koyar da aikin ƙarfe da walda ne a wata kwalejin fasaha. Zan je taro a birnin Basel na ƙasar Suwizalan, kuma akwai yini guda da ba ni da komai. Na ga bidiyon wani tafki a tsakiyar garin, inda wasu ƙarafa suke ta motsi suna watsa ruwa. Ya cancanci in kashe lokacina a kansa? Me ke motsa su? An ce akwai irinsa a Paris, to wanne ya fi?"

Malam, ya cancanta ƙwarai, ballantana ga mai sana'a irin taka. Ni aikina famfunan ruwa ne da injinan da ke tura su, kuma na zauna a wannan yanki da Suwizalan da Jamus da Faransa suka haɗa iyaka, saboda haka wurin ba baƙona ba ne. Roƙona gare ka tun farko shi ne kada ka je masa a gurguje. Yawancin baƙi minti biyar suke yi, su ɗaga waya su ɗauki hoto su wuce, in sun koma gida su ce sun ga tsofaffin ƙarafa a cikin ruwa. Kai ka ba shi rabin sa'a ko fiye. Ka samu wuri ka zauna, ka zaɓi inji guda, ka bi shi da ido tun daga inda motsin ya taso har inda ruwan ya faɗi, sannan ka koma kan na kusa da shi.

Sunan wurin a bakin mutanen gari Tinguely-Brunnen, wasu kuma su ce Fasnachtsbrunnen. Idan za ka yi tambaya a hanya, sunan mai aikin ana faɗarsa kamar "Tangeli". Yana dandalin Theaterplatz, gaban gidan wasan kwaikwayo na birnin, ƙarƙashin cocin Elisabethenkirche mai dogon tsororo. Daga babbar tashar jirgin ƙasa, wato Basel SBB, tafiyar minti goma ce a ƙafa: ka ratsa ɗan lambun da ke gaban tashar, ka bi titin Elisabethenstrasse har cocin, sai ka sauka matakala. In ba ka son tafiya, taram, wato ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari, mai lamba 2 zai sauke ka a tashar Bankverein, daga nan taku kaɗan ne. Ba ƙofa, ba tikiti, ba mai gadi. Fili ne na kowa, mutane suna zaune a gefe suna cin abincin rana, yara suna zagayawa. Idan a otal ka sauka, ka tambayi katin da ake kira BaselCard, ana bai wa duk baƙon da ya kwana a garin, kuma da shi hawa taram da bas kyauta ne.

Jean Tinguely, wanda ya ƙera marmaron, an haife shi a Fribourg a 1925, ya tashi a Basel, ya rasu a 1991. Sana'ar da ya fara koya ita ce ƙawata tagogin kanti. Ya sha ba da labarin cewa tun yana yaro yakan shiga daji kusa da gari ya jera ƙananan wilolin katako a bakin rafi, ruwa yana juya su, su kuma suna bugun gwangwanaye suna fid da sauti. Abin da ya yi ke nan har ƙarshen ransa, sai dai ya koma ƙarfe da lantarki. A 1960 ya haɗa wani ƙaton inji a lambun gidan zane-zanen zamani na New York wanda aikinsa kawai ya lalata kansa a gaban 'yan kallo, ya yi ta faman haka kusan rabin sa'a har 'yan kwana-kwana suka sa baki. Wannan zai nuna maka irin mutumin. A zamanin da Turai take alfahari da masana'antu da injinan da ba sa kuskure, shi injinan da ba sa samar da komai yake ƙerawa, da gangan, daga tarkacen da masana'antun suka zubar.

Marmaron Basel yana da tushe a wurin da yake. A nan tsohon gidan wasan kwaikwayo na birnin yake, aka rushe shi a 1975 bayan an gina sabo a gefensa. Tinguely ya kwashi wasu ƙarafa daga kayan tsohon ginin, ya yi aiki daga 1975 zuwa 1977, ya kafa tafkin daidai inda dandamalin wasan yake a da. Kamfanin kantunan Migros ne ya biya kuɗin, kyauta ga birnin a bikin cikar kamfanin shekara 50. Idan ka san wannan, kallon zai sauya maka. Injinan goma 'yan wasa ne a kan dandamali, kowanne da halinsa, suna ta zance da juna da ruwa a madadin baki. Akwai mai garaje, akwai mai nawa, akwai wanda yake ta fama shi kaɗai a gefe ba mai kula shi.

Tafkin kansa faɗinsa kamar mita 16 ne, tsawonsa kamar 19, zurfinsa bai wuce taƙi guda ba, yana ɗaukar ruwa wajen lita 55,000. An shafe ƙasansa da baƙar kwalta, injinan ma baƙaƙe ne. Ni a wurina wannan na daga cikin dabarun da suka fi kyau a aikin, domin da komai ya zama baƙi sai ruwan da ke tashi ya zama shi ne farin abu kaɗai, ido yana ganin kowane zare nasa. Da an yi wa ƙarafan fenti kala-kala da sun janye hankali daga ruwan.

Yanzu ga tambayarka ta biyu, wadda na fi son in daɗe a kanta. Mutane da yawa suna zaton ƙarfin ruwa ne ke juya ƙarafan. Ba haka ba ne. Tsari biyu ne daban suke aiki tare. Na farko famfo, wanda ke jan ruwan tafkin ya tura shi ta bututu da tiyo zuwa bakin injinan, ya zubo, a sake jan sa. Ruwa ɗaya ne yake ta zagayawa. Na biyu ƙananan injinan lantarki da ke jikin ƙarafan, su ne ke ba da motsi. An yi amfani da lantarki mai ƙaramin ƙarfi, saboda abin yana tsaye cikin ruwa ne a filin da yara ke wasa.

Injin lantarki irin na yau da kullum yana juyawa fiye da sau dubu a minti. Ba abin kallo a wannan gudun, ido ma ba zai bi shi ba. Saboda haka aikin farko shi ne rage gudu, kuma a nan za ka ga bel da wili a fili, ba a rufe komai ba. Ƙaramin wili yana jan babba da bel. In faɗin ƙaramin santimita 10 ne, na babban 50, to sai ƙaramin ya zagaya sau biyar kafin babban ya zagaya sau ɗaya, gudu ya ragu ninki biyar, ƙarfin murɗawa ya ƙaru. A sake ɗora wani ƙarami da wani babba a bayansa, gudun ya sake faɗuwa. Da haka ake kaiwa ga wilin da yake juyawa a hankali har kana iya ƙirga zagayensa da baki. Ka lura wilolin ba kai ɗaya ba ne, kowanne daga inda aka tsinto shi, wani mai sandunan tsakiya siriri, wani mai kauri na tsohon inji.

Aiki na biyu shi ne mayar da zagaye ya zama kai-da-komo. An kafa ƙusa a jikin wilin, nesa kaɗan da tsakiyarsa, an ɗaura mata sanda, ɗaya bakin sandar kuma yana riƙe da hannun da ake so ya motsa. Wili ya zagaya, sanda ta tura ta jawo. Keken ɗinki na ƙafa ke nan aka juya shi baya: a wurin tela ƙafa ce take kai-da-komo wili ya zagaya, a nan wili ne ke zagayawa hannu ya yi kai-da-komo. Nisan ƙusar daga tsakiyar wili shi ke yanke tsawon tafiyar sandar, ninki biyu na wannan nisan. Wurin da aka kafa madogarar hannun kuma shi ke yanke ko bakinsa zai yi ɗan rawa ne ko zai share sararin sama. Kusan duk abin da za ka gani a tafkin nan daga waɗannan abubuwa uku ya fito, bel da wili da sanda. Abin da ɗalibanka suke zanawa a allo ne, ga shi tsaye yana aiki.

Inda Tinguely ya rabu da mu masu aikin inji shi ne a wajen daidaito. Mu in mun ga wili yana layi, ko haɗi yana da sako-sako, ko bel yana ɗan zamewa, sai mu ce inji ya lalace, mu ɗauko sifana. Shi wannan yake nema. Ya bar wa haɗe-haɗen sarari su yi wasa, ya bar tiyon roba yana lilo yadda ya ga dama, saboda haka ruwan ba ya faɗuwa wuri ɗaya sau biyu. Ga shi kuma kowane inji da gudunsa, ba wanda ya dace da na wani. Sakamakon haka ko ka yini a wurin ba za ka ga hoton da ka gani ɗazu ya maimaitu daidai ba. Kada ka ɗauka rashin iya aiki ne. Ƙera injin da yake kamar zai wargaje amma ya shekara arba'in da ɗoriya yana aiki ya fi wuya a kan ƙera wanda yake tafiya sumul, domin dole ka san inda za ka bar sako-sako da inda in ka bari zai ci kansa cikin wata guda.

Kowanne cikin goman yana da suna da karin harshen Jamusancin Basel, kuma "dr" ɗin da ke gaban sunan ba dakta yake nufi ba, ɗan haɗi ne na harshen. Ba sai ka haddace su ba, amma akwai waɗanda nake so ka nema. Dr Schuufler shi ne mai shebur: yana ɗibar ruwa yana watsawa, yana ɗiba yana watsawa, a cikin tafkin da ruwan yake komawa. S'Seechter rariya ce, tana nutsawa ta ɗago cike, kafin ta kai sama ruwan ya tsiyaye ta hudoji, ta sake komawa. Waɗannan biyu su suka fi tsaya mini a rai. Mutane suna dariya in sun gan su, amma in ka daɗe kana kallo dariyar takan ragu, domin ka san mutanen da rayuwarsu ke nan, aiki ba dare ba rana, ba abin da ya taru. Akwai d'Spinne, gizo-gizo mai siraran ƙafafu. Akwai dr Waggler mai tangaɗi, da dr Suuser mai saurin juyi. Dr Theaterkopf kai ne irin na adon tsohon gidan wasan, shi kaɗai ne mai siffar fuska a cikinsu, sauran duk ƙarafa ne zalla. Dr Querpfyffer kuma mai busa sarewa ne, irin masu busar bikin Fasnacht.

Wannan biki shi ya ba marmaron sunansa na biyu. Ana yin sa a watan Fabrairu ko Maris, yana farawa ranar Litinin da ƙarfe huɗu na asuba, a kashe fitilun tsakiyar gari, masu ganga da sarewa su fito da manyan fitilu masu zane, a yi awa 72 cif ana abu ɗaya. UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake karewa a 2017. Tinguely da kansa ya yi shekaru yana fita tare da wata ƙungiyar masu bikin da ake kira Kuttlebutzer. In taronku ya faɗo a wannan mako, ka kama ɗaki da wuri, kuma kada ka sa ran samun natsuwar kallon inji, garin cike yake maƙil.

Game da lokaci, hantsi ya fi, kafin 'yan abincin rana su cika gefen tafkin, ko kuma bayan la'asar lokacin da rana ta karkata tana ratsa feshin. Ka zagaya ta kowane gefe, sannan ka hau matakalar da ke wajen cocin ka kalle shi daga sama, daga can ne za ka ga yadda aka rarraba su a fili kamar 'yan wasa. Ka kuma saurara. Kowane inji da kukansa, wani ƙiƙi-ƙiƙi, wani ƙwas-ƙwas, ga ƙarar ruwa a kan ruwa, kuma wannan rabin aikin ne wanda hoto ba ya ɗauka. Daren Juma'a da na Asabar matasa kan taru a dandalin suna shaye-shaye, ba lokacin da zan ba ka shawara ba ne. In da rani ka je, rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare a watan Yuni, in da hunturu ne kafin biyar duhu ya yi, sai ka tsara sallolinka da fitarka a kan haka. Hotunan da ake yaɗawa na injinan sanye da ƙanƙara gaskiya ne: idan sanyi ya yi tsanani kwanaki a jere, feshin yana daskarewa a jikinsu har su zama wasu halittu daban. Amma Basel ba ta cika tsananin sanyi ba, ba kowace shekara ake samun haka ba. Wanda ya dace ya gani, ya yi sa'a.

Akwai wani ɓangare da baƙi ba sa tunawa, ni kuwa shi ne ya fi burge ni. Ƙarfe da ruwa ba sa ga maciji. Tsatsa tana ci, boris yana cinyewa, bel yana tsufa ya tsage, gansakuka tana toshe bakin tiyo, ganyen bishiya yana taruwa a matatar famfo, ƙanƙara tana ƙara wa hannu nauyin da ba a ƙera shi don ɗauka ba. Duk da haka abin nan yana aiki tun 1977. Dalili shi ne akwai ma'aikatan da aikinsu ke nan. Hukumar ruwa da wutar birnin, IWB, ita ke kula da maɓuɓɓugan Basel, waɗanda sun haura ɗari biyu, ana kwashe ruwa a wanke, a sa giris, a canza abin da ya gaji. Saboda haka in ka tarar an tsayar da shi ana wanki, ko inji ɗaya ba ya nan an kai shi gyara, kada ranka ya ɓaci. Ka tsaya ka kalli masu aikin, darasi ne na kansa. Gyaran irin wannan inji yana da wata wahala ta musamman: makaniken da ya saba gyara abu ya fi yadda yake a da, a nan dole ya danne hannunsa. In ya miƙe sandar da aka bari a karkace, ko ya ɗaure haɗin da aka bari yana wasa, ya gyara inji amma ya ɓata aikin. Duk wanda ya taɓa ganin marmaron ado a shataletale, an buɗe shi da biki, bayan shekara biyu ya bushe ya zama matattarar leda, ya san cewa ginawa ita ce mai sauƙi.

Ruwan tafkin nan ba na sha ba ne, kuma ba a shiga ciki. Amma sauran maɓuɓɓugan garin yawancinsu ruwan sha ne mai kyau, sai wanda aka rubuta wa "Kein Trinkwasser". Ka riƙe gorarka ka dinga cikawa, domin komai a Suwizalan da tsada. Kuɗinsu faran ne, ba yuro ba. Ranar Lahadi kantuna a rufe suke, in ban da na cikin tashar jirgi.

Tunda yini guda gare ka, ga yadda zan raba shi in ni ne. Safiya a marmaro. A dandalin akwai wasu manyan faifan ƙarfe huɗu masu lanƙwasa, aikin Ba'amurke Richard Serra na 1992, ka shiga tsakaninsu ka duba kaurin farantin da yadda aka tanƙwara shi, mai walda ba zai rasa abin gani ba. Daga nan ka haura zuwa babban cocin Münster mai jan dutse, ka sauka matakalar bayansa zuwa bakin kogin Rayin. Akwai kwale-kwalen fito a wurin wanda ba shi da inji ko kaɗan. An ja igiyar ƙarfe daga gaɓa zuwa gaɓa, an rataya kwale-kwalen a jikinta da wata igiyar mai ɗan wili, matuƙin ya karkata shi kawai, ƙarfin kogin ya tura shi ya haye. Guda huɗu ne irinsa a garin, kuɗin fiton kaɗan ne. In ka haye, ka bi gaɓa kana fuskantar inda ruwan ke fitowa, ka nufi dogayen benaye biyu farare na kamfanin magunguna na Roche. A gindinsu gidan tarihin Tinguely yake. In da rani ne za ka tarar da mutane da yawa da kayan wanka suna iyo a kogin, al'adar garin ce, amma ruwan yana da ja sosai, ba wurin gwaji ba ne. Wanda ba ya son tafiyar ƙafa ya hau taram 2 zuwa Wettsteinplatz, ya kama bas 31 ko 38.

An buɗe gidan tarihin a 1996, Roche ce ta gina shi, Mario Botta ya zana ginin, matar Tinguely kuma, Niki de Saint Phalle, ta ba da injina fiye da hamsin daga abin da ya bari. Ana biyan kuɗin shiga, kuma ba a buɗewa ranar Litinin. A nan za ka matsa kusa da injinan yadda ba za ka iya a tafki ba, ka ga bakin waldarsa da idonka. Akwai maɓalli a ƙasa da ake takawa da ƙafa inji ya tashi. In ka taka bai tashi ba, ba lalacewa ya yi ba, an sa masa lokacin hutu ne don kada ya cinye, sai ka ɗan jira. Akwai wani ƙato na 1987 da ake hawa cikinsa ta matakala ana ratsa tsakanin wiloli suna juyawa. A lambun gaban gidan ma akwai wani marmaron nasa guda.

Sai batun Paris. Wancan shi ne marmaron Stravinsky, kusa da cibiyar Pompidou da cocin Saint-Merri, an buɗe shi a 1983 lokacin Jacques Chirac yana magajin gari. Tinguely da Niki de Saint Phalle suka yi shi tare, siffofi goma sha shida don tunawa da mawaƙin kiɗa Igor Stravinsky. Nasa baƙaƙen ƙarafa ne kamar na Basel, nata kuwa manyan siffofi ne masu launi mai haske da aka zuba da roba mai tauri: tsuntsu, giwa, maciji, zuciya, leɓɓa, hula. A ƙarƙashin dandalin akwai ɗakunan cibiyar binciken sauti ta IRCAM, shi ya sa dole aka yi tafkin marar zurfi da kaya marasa nauyi. Ya yi shekaru wasu injinansa a tsaye, har aka kwashe siffofin a 2022 aka yi masa gyara na gaske, aka dawo da shi a 2023. Cibiyar Pompidou kanta an rufe ta a 2025 domin gyaran shekaru, amma marmaron a waje yake. Mai tafiya da iyali ya sani cewa a cikin siffofin akwai ƙoƙon kan mutum da kuma mace mai jelar kifi wadda jikinta yake a bayyane.

Wanne ya fi? Yara da masu son hoto za su zaɓi na Paris, launi yana jan ido. Ni na Basel nake zaɓa, kai ma ina jin shi za ka zaɓa. A Paris launin yana rinjayar motsin, sai ka manta da bel da wili. A Basel ba abin da ya tsaya tsakaninka da injin. Jirgin ƙasa mai sauri yana haɗa garuruwan biyu cikin kamar awa uku, kuma bizar Schengen ɗaya ta isa duka, amma ban ga dalilin da zai sa ka ƙone yininka guda a hanya ba alhali wanda ya fi dacewa da kai yana bakin ƙofa. In wata rana ka samu ƙarin lokaci a Suwizalan, akwai na uku a Fribourg, wanda ya yi a 1984 don tunawa da abokinsa Jo Siffert, direban tseren mota da ya rasu a hatsari a 1971.

Saboda ɗalibanka, bidiyo za ka ɗauka, ba hoto ba. Ka tsayar da wayar wuri ɗaya, ka ɗauki kowane inji har ya kammala zagaye biyu ko uku, da sautinsa, sannan ka matso da hoton kan wurin da sanda ta haɗu da wili. Ka riƙe ɗan littafi ka zana uku daga cikinsu, ka ƙirga wiloli, ka kimanta girman kowanne, ka ƙirga zagayen babban a minti guda. Da wannan kaɗai ɗalibi mai kai zai iya lissafa gudun injin da ke jan sa. In kuma kuna son ku gwada naku a makaranta, injin goge gilashin mota shi ne mafari mafi sauƙi: da batir mai bolt 12 yake aiki, an riga an rage masa gudu a ciki, kuma yana zuwa da ɗan hannunsa na kai-da-komo. Ku haɗa shi da wilin keke, da bel, da rodi, da ƙaramin famfo mai aiki da batir ko da sola, a cikin rabin durom. Injin da batirin su zauna sama da ruwa a inda feshi ba ya kai musu, a sa fis a kan waya, kuma kada wutar gida mai bolt 220 ta kusanci ruwan ko da wasa.